Yaushe Makaranta Za Ta Kira wa Ɗalibi 'Yan Sanda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar horo ce a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a kudancin Kebbi. Abu biyu ne suka faru a zangon nan. Na farko, wasu 'yan aji uku su biyar sun sa wata yarinya Kirista 'yar ƙasar Zuru a gaba, suna kiranta arniya, sun hana ta taɓa moɗar randar ɗakinsu, ran nan har suka jiƙa mata katifa. Mahaifinta ya zo ya ce in ba mu kai su caji ofis ba, shi zai kai mu. Na biyu, wata Bafulatana 'yar aji biyu an rubuta mata "infoma" da alli a jikin akwatinta, wato mai tsegunta wa 'yan bindiga, bayan an kai hari ƙauyen su wata 'yar ɗakinsu. Firinsifal ta ce a goge rubutun a yi shiru. Ni hankalina bai kwanta ba. Shin daidai ne makaranta ta riƙa sa 'yan sanda cikin irin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya yi miki albarka da ba ki bari an goge alli an goge magana ba.

Bari in ba ki amsar a dunƙule tukuna, sannan in warware. Maganar da mahaifin nan yake tada jijiyar wuya a kai, ta katifa da moɗa, taku ce ku malamai, kuma sakacinku ne ya bar ta har ta kai haka. Wadda firinsifal take son a binne kuwa, ita ce za ta iya kai ku wurin DPO, sai dai neman tsaro zai kai ku, ba ƙarar yara ba. Hayaƙi ya ɗauke muku hankali, kun bar garwashin da ke ƙarƙashin toka.

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin makaranta, tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato kafin a cire ta a 1991. Na yi malamin horo kamar ke, na yi mataimaki, na yi firinsifal, a ƙasar Gwandu da ta Yawuri da ta Zuru. Sau ɗaya tak na taɓa kira wa yaro 'yan sanda saboda faɗan gori, kuma har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Lokacin ina mataimaki a wata makarantar maza ta kwana. Ana layin karɓar tuwon dare sai wani ɗan aji huɗu ya ture wani Badakkare ɗan ƙasar Zuru, ya ce masa, "Matsa can, arnen dutse." Shi kuwa ya juyo ya kwaɗa masa kwanon silba a goshi. Kin san goshi da jini, kafin a ce mene ne riga ta ɓaci. Firinsifal ba ya gari. Ni da zafin ƙuruciya da son a san akwai mai iko, na hau babur na nufi caji ofis. Aka zo aka kwashi su biyun.

Abin da ban hango ba shi ne, ɗan sandan da ke bakin kanta ba shi da gurbin da zai rubuta "arnen dutse" a littafinsa. Abin da ke gabansa jini ne da kwano. Nan take wanda ya yi gorin ya zama mai ƙara, wanda aka yi wa gorin ya zama wanda ake tuhuma. Aka sallami na farko ya tafi a ɗinke masa goshi, na biyu ya kwana biyu a bayan kanta, shi da ɓarawon awaki da wani mashayi da ke ta amai a kusurwa. Mahaifinsa ya taso daga ƙauye, ya sayar da dawar da ya ajiye, ya biya belin nan da ake rubutawa a bango cewa kyauta ne. Ina tsaye ya zo ya wuce ni riƙe da hannun ɗansa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, na gode, na ba ka ɗa ka mai da shi ɗan sarƙa." Bayan hutu yaron bai dawo ba. Wanda ya yi gorin ya gama karatunsa lafiya lau. Ɗalibai kuwa suka rabu gida biyu a ɗakin cin abinci, 'yan ƙasar Zuru gefe, Hausawa gefe, muka shekara muna fama kafin su koma cin kwano ɗaya.

Ba wai 'yan sandan nan mugaye ba ne. Aikinsu suka yi yadda aka koya musu. An horar da ɗan sanda ne ya nemi laifi mai suna a littafin doka, da mai ƙara, da wanda ake ƙara, da shaida. Ita kuwa tsangwama ba ta zuwa a haka. Harara ce yau, gobe a matsa in ta zauna, jibi a ɗauraye kofi don ta sha da shi, gata a yi waƙar habaici da dare bayan an kashe fitila. Kowanne in kika ɗauke shi shi kaɗai kika kai gaban ɗan sanda dariya zai yi miki, amma tarinsu shi ke sa yarinya ta daina cin abinci. Ranar da ta ƙosa ta rama, ramuwar ce kaɗai ke da suna a doka. Shi ya sa sau da yawa in an kai irin wannan magana caji ofis, wanda aka zalunta ne yake kwana a ciki.

Dokar ƙasa ma ba ta tura ku can ba. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, sashe na 50, ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi ko kaɗan, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuma sai an tabbatar ya san abin da yake yi da abin da zai haifar. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Sashe na 204 ya hana a bi da shi ta hanyar shari'ar manya. Sashe na 209 ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara damar kashe magana ta hanyar sulhu, ba sai an je kotu ba, in laifin ba babba ba ne. Sashe na 211 ya ce a sanar da iyaye nan take in an kama yaro, na 212 kuma ya ce tsare shi sai in babu wata makawa, kuma na ɗan lokaci kaɗan, ba tare da manya ba. Kebbi ta yi tata dokar a 2022, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, Zamfara ma a shekarar ta yi. To ki duba, dokar da kanta cewa take yi a nisanta yaro da kanta gwargwadon iko. Sashe na 207 na dokar tarayyar ya yi tanadin 'yan sanda na musamman da aka horar kan sha'anin yara. Ki leƙa caji ofis ɗin garinku ki ga ko akwai su, ki ga kuma ko akwai ɗakin da za a ajiye yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ita kaɗai. Abin da kika gani shi zai faɗa miki inda za ki tura 'yan aji ukun nan.

Kada wannan ya sa ki ɗauka ina cewa abin da suka yi ƙarami ne. Akwai malaman da da zarar an kawo ƙara irin wannan sai su ce ai wasan yara ne, ai mu ma da wasan dangi muka tashi. Gaskiya ne muna da shi: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe. Amma duk wanda ya san taubasantaka ya san sharaɗinta. Kowa yana da bakin ramawa, a gaban jama'a ake yi, dariya ake tashi da ita, kuma ranar da abokin wasanka ya shiga uku kai ne farkon zuwa. Yara biyar a kan yarinya ɗaya, cikin dare, ita ba ta da bakin mayarwa, wannan cin zali ne. Hana ta moɗa kuwa ya fi jiƙa katifar muni. Katifa kwana ɗaya a rana ta bushe. Moɗa cewa aka yi jikinki ƙazanta ne, kuma wannan yana bin mutum har tsufa.

Ga abin da zan yi da ni ne a kujerarki. Da farko ki zauna da yarinyar ita kaɗai, ba a ofis mai cike da malamai suna cin gyaɗa ba. Ki bar ta ta faɗi komai daga ranar da aka fara, ki rubuta da kwanan wata. Ki tambaye ta me take so, domin wata canjin ɗaki take so, wata kuwa canjin ɗakin ne zai zame mata hukunci, kamar ita ce mai laifi. In za a raba su, masu laifin ake ɗagawa, a warwatsa su ɗakuna daban-daban. Sannan ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kada ki tara su, don a taro kowa bakin uwar tafiyar take kallo. Cikin biyar za ki tarar ɗaya ce ko biyu masu kitsa abin, sauran 'yan rakiya ne masu tsoron kada a juyo kansu. Hukuncin kowa gwargwadon hannunta. Katifa su biya, daga kuɗin kashewarsu, iyayensu su san dalili. Mai kitsawa a kira mahaifinta ya sa hannu a takardar alkawari, a gaya masa ƙarara cewa in an sake dakatarwa ce, in an kuma sakewa kora ce. Metiron da firifet ɗin ɗakin su ma su amsa tambaya, don ba a hana yarinya moɗa tsawon zango ba tare da wani babba ya gani ya kau da kai ba.

Kada ki fito da su asambili ki zane su a gaban makaranta da sunan kin rama mata. Na gwada, ba ya aiki. Bulala takan ƙare a minti biyar, ita kuwa yarinyar za ta kwana da su shekara uku. Abin da na ga yana aiki shi ne malamin addinin Musulunci na makarantar, in mai hankali ne, ya zauna da su. Yaran nan suna jin addini suke karewa, saboda haka wanda suka yarda ya fi su sanin addini shi zai rushe musu wannan. Ya karanta musu ayar Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, da wadda ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Ya tambaye su, wanda aka halatta muku cin abincinsa, wa ya haramta masa moɗarku? Na ga yarinyar da bulala goma ba ta sa ta ƙwalla ba ta fashe da kuka a kan wannan tambaya.

Wani abu kuma, kada ki ji haushina. Ki saurari ɗakin malamai. Yara ba su ƙirƙiro kalmar nan ba, ji suka yi. Na taɓa tsayawa bayan taga na ji malami yana cewa, "To arnan ajin nan ku fita, za mu yi darasin addini." Shi a ganinsa bai yi komai ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, to a ba su izinin fita, amma da sunan da uwarsu ta raɗa musu. Sashe na 42 kuma ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin haihuwa, kuma makarantar gwamnati hukuma ce. Haka abin yake in an juya: na yi aiki a inda Musulmi ne 'yan tsiraru a aji, na ga an ja wa yarinya hijabi ana ce mata Boko Haram. Cutar ɗaya ce, wanda ya fi yawa a ɗaki ne kawai ke canzawa.

Shi kuwa mahaifin, kada ku yi masa gardama. Yana da ikon zuwa caji ofis da ƙafarsa, ba mai hana shi. Amma mutumin da ya ce zai kai makaranta ƙara, abin da yake faɗa a zahiri shi ne bai yarda za ku yi wa 'yarsa adalci ba, kuma da hujjarsa, tunda sai da ya zo kuka motsa. Ku kira shi, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da fasto ko wani dattijo da ya aminta da shi. Firinsifal ta ba shi haƙuri da bakinta, ba ta aike ba. Ku nuna masa a rubuce abin da kuka yi da ranar da zai dawo ya ji inda aka kwana. Ku kuma gaya masa gaskiya abin da caji ofis zai jawo: za a kira 'yarsa ta maimaita labarin a gaban maza, iyayen waɗancan za su taho da nasu mutanen, kafin la'asar magana ta tashi daga ta yara shida ta koma ta masallaci da coci. Ban taɓa ganin uban da aka yi wa wannan bayani cikin girmamawa ya dage sai an je ba.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka, a wani gari da ake kira Collingswood a jihar New Jersey, a watan Yunin 2016 an kira wa yaro ɗan shekara 9 ɗan sanda har makaranta, saboda wata magana da ya yi a kan kek ɗin cakulan da ake rabawa a aji, wani yaro ya ce maganar wariyar launin fata ce. Hukumomin makarantun sun fahimci umarnin ofishin mai gabatar da ƙara ne a kan cewa komai ƙanƙantar abu a kira 'yan sanda. Iyaye suka yi ca, aka janye tsarin. A Ingila kuwa ta ɗaya gefen aka faro. Kisan wani saurayi baƙar fata, Stephen Lawrence, a Landan a 1993, da sakacin da 'yan sanda suka yi a binciken, shi ya haifar da rahoton Macpherson na 1999, wanda ya sa aka fara rubuta duk wani abin da aka ji yana da warin wariya. Da tafiya ta yi tafiya sai sunayen yara suka fara shiga kundin 'yan sanda a kan zagin filin wasa, har a 2023 aka fito da ƙa'idar cewa in abu tsakanin ɗalibai ne kuma bai kai laifi ba, a mayar wa makaranta. Su da ke da 'yan sanda masu horo da kotunan yara ke nan.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ta allin nan.

A littattafan da ake koyar da mu horon ɗalibai, iyakar da ake shatawa ita ce tsakanin baki da hannu: zagi na makaranta ne, duka da makami na hukuma. A ƙasarmu ta yau wannan ma'auni bai isa ba, domin akwai kalmomi biyu da suka fi wuƙa kaifi. Ɗaya "infoma", ɗaya "ya yi ɓatanci". Duk wanda aka liƙa wa ɗayansu, ba a tsayawa tambayar shekarunsa. A watan Agustan 2016 a Talata Mafara, zargin ɓatanci da ya taso tsakanin ɗaliban kwalejin fasaha ta Abdu Gusau ya ƙare da ƙona gida da mutum 8 a ciki. Ranar 12 ga Mayun 2022 a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji ya ƙare da kashe ɗaliba a cikin makaranta, masu gadi sun ɓoye ta amma taro ya fi ƙarfinsu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai, aka rufe kwalejin, aka sa dokar hana fita a gari. Ko me aka faɗa, hukunci na alƙali ne, ba na taro ba. Abin lura ga mai riƙe da makaranta shi ne tazarar da ke tsakanin magana da jini 'yan sa'o'i ce.

"Infoma" kuma ke kin fi ni sanin yadda take a Danko-Wasagu da Sakaba da maƙwabtanmu na Zamfara. Mutane sun gaji, an kashe nasu, an kwashe shanunsu, sun sayar da gona sun biya kuɗin fansa, kuma gaskiya ne akwai masu tsegunta wa 'yan bindiga daga cikin gari. Zuciyar da ke cikin wannan hali ba ta tantancewa. Bafulatanin da shi ma aka kore masa garke, ya kawo 'yarsa boko, a idon wasu shi da na daji duk ɗaya ne. To ma'aunin da nake ba ki shi ne wannan: maganar nan za ta iya tsallake katanga? In ta tsallake, akwai wanda zai iya rasa ransa? In amsar e ce, ta fi ƙarfin malamar horo, ta fi ƙarfin firinsifal.

Bayan na yi ritaya ina cikin kwamitin gudanarwa na wata makarantar jeka-ka-dawo. Wata Laraba da hantsi shugaban makarantar ya kira ni, muryarsa na rawa. An ga wani yaro Bafulatani ɗan aji biyar yana waya a bayan aji da Fulatanci, kwana biyu bayan an tare hanyar kasuwa. Da kakarsa yake magana a kan kuɗin jarrabawar NECO, amma wa ya tsaya tambaya? Kafin tashin tara magana ta kai tashar 'yan acaɓa. Da na iso na tarar da samari sun fara taruwa gindin dalbejiyar bakin ƙofa, ba su yi komai ba tukuna, suna dai tsaye. Yaron yana ofis a durƙushe bayan kabad, leɓensa ya bushe. Muka kira DPO. Abin da na roƙe shi biyu ne: kada a zo da jiniya, kada a fito da yaron da ankwa ko a bayan motar sintiri, don duk wanda ya ga haka zai ce ashe gaskiya ne. Allah ya saka wa mutumin nan, ya gane. Ya turo motarsu ta tsaya a bakin ƙofa kamar masu shan iska, shi kuma ya shigo da farin kaya ta baya. A motata muka fitar da yaron, kwance a kujerar baya an lulluɓe shi da babbar rigata, zuwa gidan uban ƙasa. Da yamma uban ƙasa ya tara liman da arɗo da shugaban 'yan acaɓa, aka kira lambar da yaron ya kira a gabansu, tsohuwa ta ɗauka tana tambayar ko an samu kuɗin. Wasu suka sunkuyar da kai. Yaron ya rubuta jarrabawarsa, amma daga gidan wani malami ya riƙa zuwa har ya gama.

Ki lura da yadda aka shigar da maganar, don a nan ne mutane ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. In firinsifal ta je ta ce, "Ana zargin wata ɗalibarmu da zama infoma," ta kai ƙarar yarinyar ne da bakinta, kuma ba mamaki gobe a ɗauko mahaifinta. Abin da za ta ce, kuma ta rubuta, shi ne: "Ana yi wa ɗalibarmu 'yar shekara kaza barazana da ƙazafin da zai iya jawo mata hari, muna sanar da ku don ku taya mu tsare ta." Ta je da kanta, wurin DPO, ba wurin na bakin kanta ba, ta ajiye kwafi, ta aika wani ofishin ilimi na shiyya. Uban ƙasa ya sani. 'Yan sa-kai da 'yan banga kuwa, ko da wasa kada wani malami ya kai musu wannan magana, ko da ƙaninsa ne shugabansu.

Sauran abubuwan da ba a yi musu kara ba su da wuyar ganewa. Makami a ɗakin kwana, rauni mai tsanani, barazanar kisa da aka ambaci rana ko wuri, fyaɗe ko taɓa jikin yarinya, yaɗa hotonta ko muryarta a intanet don a tunzura mutane, wanda dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukuncinsa, da duk inda babba ne mai laifin, malami ko mai gadi ko wani daga gari. Waɗannan makarantar da ta rufe don kare sunanta ta ci amanar iyaye. In kuma har ta kai a yi wa ɗaliba tambayoyi, a yi a ofishin firinsifal, da mahaifi ko waliyyi a zaune, da malama mace, ba a shiga aji a ɗauko ta a gaban 'yan uwanta ba.

Tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021, da Birnin Yawuri a Yunin shekarar, da Maga a Nuwamban 2025, makarantu da yawa sun samu jami'an tsaro a bakin ƙofa, 'yan sanda ko sibil difens. Mun gode Allah da su. Amma na fara ganin wata ɗabi'a: yaro ya yi rashin kunya, sai malami ya ce a kai shi geti a sa shi tsallen kwaɗo. Ku hana wannan. Mutumin nan an ajiye shi ne don na bayan katanga. Ranar da yara suka mai da shi dodo, ranar da wata ta hango baƙon mutum yana zagaya bayan ɗakin kwana da magariba, ba za ta tunkare shi ta faɗa masa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a farkon kowace shekara firinsifal da kwamitin makaranta su zauna da DPO a yi yarjejeniya a rubuce, ga abin da za mu kira ku a kai, ga abin da ba ruwanku, ga lambar da za a samu mutum ko da tsakar dare.

Game da taku yarinyar, abin da ban ji ba a tambayarki shi ne ko maganar ta fita. Ki bincika yau, ba gobe ba. Wa ya ga rubutun? Akwai mai waya a ɓoye a ɗakin? Masu dafa abinci da masu gadi sun ji? Yaushe ne ranar ziyara, kuma ta wace hanya take komawa gida in an yi hutu? In kin tabbatar magana ba ta wuce ɗakin ba, ku ɗauki hoton akwatin kafin a goge, ku matsar da gadonta kusa da metiron, ku kira mahaifinta ku gaya masa da bakinku, firinsifal kuma ta shaida wa DPO da uban ƙasa a asirce don su san da zaman abin. In kuwa ta riga ta kai bakin mutum ɗaya a gari, kada yarinyar ta sake fita ƙofa ita kaɗai, kada kuma a sa ta motar haya ranar hutu. In firinsifal ta ƙi, ki rubuta mata takarda mai kwanan wata ki riƙe kwafi. Ba rashin ladabi ba ne, kuma yawanci ganin takardar kaɗai kan sa shugaba ya sake tunani.

Wadda ta yi rubutun kuma, ina kyautata zaton ita ce wadda aka kai wa ƙauyensu hari, ko wata ƙawarta. Za a hukunta ta, dole ta san kalmar da ta rubuta tana kisa, kuma ke za ki gaya mata haka ido da ido. Amma kafin ki ɗauko maganar alli, ki zaunar da ita ki tambaye ta labarin gida: wa aka kashe, wa aka tafi da shi, ina mahaifiyarta take kwana yanzu. Mai yiwuwa tun da abin ya faru ba wanda ya tambaye ta a makarantar nan.